Sarauniyar Lugu da ƴan'uwanta na fada

Duk wanda ya taɓa koyar da tarihi a lakkolin ƙasarmu ya san cewa da an ambaci ikon mata, suna ɗaya ne yake zuwa bakin yara: Sarauniya Mangu. In ka ce su kwatanta ta, sai su ba ka budurwa a kan doki, da kwari da baka, tana korar Nasara. Ina son wannan hoton, kamar yadda kowane ɗan Nijar yake son sa. Amma na daɗe ina ganin ya tsaya mana a ƙofa, ya hana mu leƙa cikin gidan.

Abin da ya faru a Lugu, cikin ƙasar Arewa kusa da Dogon Dutsi, ba mai musunsa. A watan Afrilu na 1899 rundunar Voulet da Chanoine, wadda ta taso tana ƙone garuruwa a kan hanyarta ta zuwa tafkin Cadi, ta iske mutanen Lugu sun ƙi miƙa wuya. Aka gwabza, aka ƙone garin, mutane suka shige kurmi da sarauniyarsu, ba a kama ta ba. Bayan wata uku, a Yuli, Voulet ya sa aka kashe Kanar Klobb da aka aiko ya tsayar da su, su ma hafsoshin nan biyu sojojinsu suka kashe su a ƙasar Tasawa. A takardun Faransawa labarin Lugu bai wuce ƴan layuka ba, kuma Joalland, wanda yake cikin rundunar, tsohuwar matsafiya ya ɗauke ta. Budurwar nan mai doki daga baya ta zo: Abdoulaye Mamani ne ya raine ta a littafinsa na 1980, Med Hondo ya sa ta a sinima a 1986, fim ɗin ya ci babbar kyautar Fespaco a Wagadugu a 1987. Mamani marubuci ne, ɗan Sawaba da ya sha gudun hijira, yana neman jaruma ga ƙasar da aka ce ba ta da jarumai. Ya same ta, Allah ya jiƙansa. Sai dai ƙagaggen labari da tarihi kowa da gonarsa.

Waɗanda suka je Lugu suka zauna da mutanenta wata mace dabam suka tarar. Marc-Henri Piault, da ya yi nazarin Arewa, da masu binciken da suka biyo bayansa, sun nuna cewa Sarauniya suna ne na sarauta, Mangu kuwa ɗaya ce daga jerin matan da suka riƙe ta, kafin ita da bayanta. Mai wannan sarauta a ɗakinta take zaune, tana kaɗin auduga, ba ta yawo. Ita ce mai riƙon alkawari tsakanin Azna da iskokin ƙasa, gare ta ake zuwa roƙon ruwa da neman lafiyar gari. Ba a naɗa ta da rawani: gawar wadda ta rasu ake ɗauka, ita ce take jan masu ɗauke da ita har ta nuna magajiyarta, abin da ake kira tarkama. Antoinette Tidjani Alou ta jami'ar Yamai da Elara Bertho sun bi sawun yadda wannan mace ta ɗaki ta rikiɗe ta zama mayaƙiya a littafi da waƙa da rediyo. Ni dai abin da ya fi ba ni mamaki shi ne tsohuwar da ba ta fita ƙofar ɗakinta ta ce a tsaya, maza kuma su tsaya gaban bindiga. Wannan iko ya fi hawan doki wuyar bayani, shi ya sa muka fi son dokin.

Wani ɓangare na ruɗanin daga fassara yake. Kalmar Faransanci da muke mayarwa da sarauniya tana nufin matar sarki, tana kuma nufin macen da ta gaji gadon sarauta. Da wannan ma'auni masu rubutun farko suka shigo fadodinmu. Suka nemi matar sarki, suka tarar tana cikin kulle, ba ta da sarauta don aurenta. Suka nemi mace a kan karaga, suka samu Daurama da Amina ta Zazzau a can nesa, inda tarihi yake gauraye da almara. Amina ma har yau ba a daidaita kan zamaninta ba: Tarihin Kano ya sa ta a zamanin Sarki Dauda, ƙarni na 15, labarin Zariya kuwa ya mai da ita ƴar Bakwa Turunku a ƙarni na 16. Da ba su ga abin da suka zo nema ba, sai suka ce babu.

Alhali kuwa tana nan a zaure na gaba. A Maraɗi akwai Iya, a Tsibirin Gobir akwai Inna, a Daura akwai Magajiya, a Barno akwai Magira uwar Mai. M. G. Smith, a nazarinsa na Maraɗi zamanin Ɗan Baskore, wanda ya yi mulki daga 1854 zuwa 1875, ya nuna Iya ƴar gidan sarauta ce, da gidanta da barorinta, ita ce shugabar ƴan bori, ita take kula da mata masu zaman kansu, tana da rabonta a hatsin kasuwa. Barbara Cooper ta sake komawa kanta a littafinta na 1997 a kan aure a Maraɗi, bayan ta saurari matan garin da kunnenta. Ko ƙwaraƙwarai, waɗanda muke jin nauyin ambatonsu a aji, Heidi Nast ta nuna a 2005 cewa a Gidan Rumfa na Kano hatsin haraji ta hannunsu yake bi, kuma suna da hannu a rinin baba. Wanda yake riƙe da rumbu a ƙasar da yunwa take leƙowa duk bayan ƴan shekaru, ba sai an tambaya ko yana da iko ba. A nan sai an yi hattara: ƙwarƙwara baiwa ce, ba ta zaɓi shiga fada ba, kuma ikon da ta samu bai wanke bautar ba. Iya ma ikonta a kan talakawa mata yake, da haraji da tara a ciki.

Akwai dalilin da ya sa muka fi sakin jiki da Mangu ta sinima. Mayaƙiya mai korar Nasara ba ta tayar wa kowa da hankali, da malamin lakkol da malamin zaure duk suna iya yi mata kirari. Iya da Inna kuwa ba a iya faɗin aikinsu ba tare da an ambaci bori ba, bori kuma abu ne da muke rage murya in za mu faɗe shi. Ba daidai ba ne Maraɗi da Tsibiri, garuruwan da waɗanda suka ƙi bin jihadin 1804 suka kafa, inda waɗannan sarautu suka tsira da ƙarfinsu bayan sun raunana a ƙasar Sakkwato, su zama su ne masu kunyar faɗin su. Na taɓa tambayar wata ɗaliba ƴar Maraɗi ko ta san aikin Iya. Ta ce ta san ƙofar gidanta, kakarta tana zuwa gaisuwa, amma ba ta zaci abin tarihi ne ba, tun da ba ya cikin littafi.

Littattafan da na ambata yawancinsu da Turanci ko Faransanci suke, an buga su a Turai da Amurka, kuɗin guda ya fi ƙarfin aljihun malamin ƙauye. Amma tsofaffin da aka ji labarin daga bakinsu da Hausa suka faɗe shi, kuma wasu ƴaƴansu da jikokinsu suna nan a Lugu da Tsibiri da unguwannin fada. Ƙungiyoyinmu na al'adu sun iya shirya wasan Sarauniya da dawaki da kuge. Rikoda guda da yini biyu a gidan Inna ba su kai kuɗin hayar doki ɗaya ba.