Kifin Shak da Alƙalamin Benchley

'Yan uwa marubuta, akwai littafin da na daɗe ina son mu duba a wannan fili, saboda abin da ya jawo wa wata halitta da ba ta ma san ana yi ba. Littafin shi ne Jaws na Peter Benchley, mutumin Amurka, wanda ya fito a 1974, Steven Spielberg kuma ya mayar da shi fim a 1975. Labarin wani ƙaton kifin shak ne da ya addabi masu wanka a gaɓar tekun wani ɗan gari mai suna Amity. Ni da na tashi a tudu, babban ruwan da na sani bai wuce kududdufin bayan gari ba, amma da na kalli fim ɗin a bidiyo sai da na jima ina ɗar-ɗar da duk ruwan da ya wuce gwiwa. To ina ga waɗanda teku ke ƙofar gidansu?

Haɗarin dai ba ƙage ba ne. A watan Yuli na 1916 shak ya kashe mutum 4 cikin kwana 12 a jihar New Jersey, biyu daga cikinsu ma a cikin wani rafi, nesa da teku. Sai dai ire-iren kifin sun haura 500, kuma uku ne suka yi ƙaurin suna wajen cizon mutum: farin shak, da mai zane irin na damisa, da wanda Turawa ke kira bijimi, mai iya shiga kogi. An fi gamuwa da su a bakin kogi inda ruwa ya yi duhu, ko da asuba da almuru, ko inda masunta ke zubar da kayan cikin kifi. Masu kwale-kwale kuwa, galibi jinin kifin da suka kama ne ke jawo shi kusa da su. Waɗanda ke mutuwa ta wannan hanya a duk duniya, in aka raba daidai, ba su kai goma a shekara ba, alhali wani bincike na 2013 ya ƙiyasta cewa mutane na kashe shak kusan miliyan 100 kowace shekara.

A ganina Benchley ya yi wa kifin ƙazafi, domin ya ba shi zuciya irin ta mai gaba, yana bin mutane ɗaya bayan ɗaya kamar mai bin bashi. Amma mutanen da ya zana, nan kam ya buga daidai. Shugaban 'yan sandan garin yana son a rufe gaɓar teku, magajin gari ya ƙi, don kada baƙi masu kawo kuɗi su gudu. Wannan jayayya ita ce ƙashin bayan littafin, ita ce kuma masu kallo suka manta da zarar sun ga haƙora.

Duba abin da ya faru a Sharm el-Sheikh ta ƙasar Masar, a gaɓar Bahar Maliya, a ƙarshen 2010. Shak ya raunata 'yan yawon buɗe ido huɗu, hukuma ta hana shiga ruwa, aka kamo kifaye biyu aka ce ga masu laifin nan, aka buɗe gaɓar. Kashegari, ran 5 ga Disamba, shak ya kashe wata dattijuwa Bajamushiya. Cikin dalilan da masana suka kawo har da gawarwakin tumaki da wani jirgin ruwa ya watsar a teku, da kuma al'adar ciyar da kifaye don baƙi su sha kallo. Wanda ya karanta Jaws da idon basira, ai ya riga ya san wannan labari tun kafin a yi shi.

Shi Benchley daga baya ya shiga sahun masu kare halittun teku, ya yi ta rubutu da jawabai yana bayanin cewa shak ba ya farautar mutum don gaba, ya kuma ce da ya san abin da ya sani daga baya, da bai rubuta littafin yadda ya rubuta shi ba. A kan wannan aiki yake har ya rasu a 2006. Amma littattafansa na bayani ba su samu ko kusa da masu karatun Jaws ba, wanda aka sayar da miliyoyin kwafi.