Camfe-camfen da muka rubuta bayan kayen asusu

Ƴan uwa mata, tun bayan rasuwar tsohuwar da ta fi kowa shekaru a ƙungiyarmu muka ga an yi mana asara. Ita ce ta san gatana, ita ta san camfi, ba mu rubuta ko ɗaya ba. Shi ya sa yanzu, in an gama zubi an rufe akwati, sai mu juya kaye ta baya, kowace ta faɗi abin da ta ji wurin kakarta.

Ba a shara da dare, arziki ake sharewa. Ba a saida allura bayan magariba. Tafin hannu ya yi ƙaiƙayi, kuɗi na tafe (ma'ajiyarmu ta ce nata kullum yana yi, har yau shiru). Amaryar da aka kawo daga Damagaram ta zo da waɗanda ba mu taɓa ji ba.

Gardama ta tashi kan ƙwai da dakashi. An ce yaro ya ci ƙwai, ɓarawo zai zama. An ce nonon farko dauɗa ne, a zubda. Wata ta ce: "Kar a rubuta, ƴaƴanmu za su ɗauka gaskiya ne." Amma da yawanmu mun zubda dakashin nan da hannunmu, alhali shi ke kare jinjiri daga cututtuka.

Muka rubuta su duka, muka ja jan layi ƙarƙashin waɗannan biyun. Ranar zubi mai zuwa ungozoma za ta zo, mu karanta mata sauran.