Leƙa Rumbu Kafin Ka Zuba Hatsi

Duk ɗan Wurno, ko Rabah, ko Goronyo ya san manomi ba ya kwaso dammunan gero daga gona sai ya leƙa rumbunsa ya ga wurin da ya rage. In bai leƙa ba, rabin hatsi sai ya kwana waje, kaji da awaki su yi biki. To, 'yan'uwana ɗalibai da iyayenmu, kwamfuta ma tana da rumbunta. Faifan ajiya ake ce masa, da gigabait ake auna shi.

Ni ina cikin masu taya malaminmu kula da ɗakin kwamfuta. Tun 2015 a kwamfuta ake yin jarrabawar JAMB, saboda haka kowane zango mukan zuba tsofaffin tambayoyi da bidiyon darussa cikin kwamfutocinmu ashirin. Ba ma bin su ɗaya-ɗaya. Akwai wata manhaja, Ansible, wadda ta fito a 2012. Daga kwamfuta guda take aika wa sauran duka.

Amma fa ita 'yar aike ce, abin da aka rubuta mata kaɗai take yi. In aka ce ta kai fayil mai gigabait takwas inda huɗu suka rage, sai ta kama zubawa har faifai ya cika, aiki ya tsaya. An ƙona man janareta a banza, ɗalibi kuma ya zo da safe ya tarar babu darasi.

Don haka malam ya kafa mana doka. Kafin a aika kome, sai manhajar ta tambayi kowace kwamfuta wurin da ya rage mata, ta gwada da girman fayil. Ana kuma barin rara, domin fayil ɗin da aka dunƙule, in an kwance shi, sai ya nemi wani wurin. Wadda ba ta da wuri a tsallake ta, a faɗi sunanta, mu je mu share tarkace.

Kome girman mazubi yana da iyaka. Madatsar ruwa ta Goronyo a kan kogin Rima tana ɗaukar kubik mita miliyan 942, amma a daminar 2010 ta cika, ambaliya ta ci gidaje da gonaki har Sakkwato. To, ina ga ɗan faifai?

Rigakafi ya fi magani. Allah ya ba mu ilmi mai amfani, amin.