Tsuntsun garke a cikin keji

Nauyinta bai cika wuce giram 40 ba, tsawonta kuwa kimanin santimita 18 ne har da bindi, amma a gidana babu mai yawan surutu da kai-komo kamarta. Turawa suna kiranta bajeriga. Ni dai tsirya nake ce mata, domin dangi ɗaya suke da koriyar tsiryar nan mai dogon bindi ta dazukanmu, sai dai asalin wannan Ostareliya ne. A can, cikin busasshiyar ƙasa, garke-garke suke tashi, wani lokaci dubbai, suna bin inda ruwa ya sauka don cin ƙwayar ciyawa. John Gould ne ya kai su Ingila a 1840, kuma shuɗi da farin da ake gani a wajen masu sayarwa duk kiwo ne ya yaɗa su. Ta daji koriya ce mai rawayan kai.

Wanda ya san haka zai gane cewa kaɗaici ne babban abin da ke damun wannan tsuntsu a hannun irinmu, masu fita da safe sai magariba. Guda ɗaya a ɗaki shiru tana iya daina kuka, ko ta koma fige gashinta. Shi ya sa biyu na ajiye, ina sane da abin da na sarayar: wadda ke da abokin hira ba kasafai take damuwa da kwaikwayon maganar mutum ba. Akwai wani namiji mai suna Puck a Amurka da kundin Guinness ya shaida masa kalmomi 1,728. Abin mamaki ne, amma a ganina yawancin wannan baiwar neman ɗan'uwa ce a inda babu shi.

Abinci ba ya wahala a ƙasar gero, sai dai gero zalla yana sa musu ƙiba. Ina haɗa musu da karas da ganyen alayyafo. Fiya kam guba ce gare su.

Abin da ya fi ba ni tsoro shi ne iska. Numfashin tsuntsu yana bi ta jakunkunan iska ban da huhu, don haka hayaƙin da mutum zai shaƙa ya yi atishawa kawai yana iya kashe shi. Maganin sauro na kunnawa, turaren wuta, gawayi a rufaffen ɗaki lokacin hunturu, har da tukunyar Teflon da ta yi zafi fiye da ƙima, duk suna cikin lissafi. Saboda su na daina turare a falo, abin da har yau baƙi ke yi mini tsiya a kai.

Keji kuma faɗinsa ya fi tsayinsa muhimmanci, domin a miƙe suke tashi. Duk da haka kowace yamma ina rufe tagogi, in saki labule, in kashe fanka, sannan in buɗe musu ƙofa na awa guda.