Ruwa kashi tara, ba goma ba

Shekara 19 ke nan ina koyar da lissafi a kwalej, amma ɗiyata ce ta nuna mini inda muke kuskure. Tana shekarar farko a makarantar koyon aikin jinya. Da ta zo hutu ta miƙo mini takardar jarrabawarta, ido ya yi ja, ta ce: "Baba, duba mini, ni ban ga inda na ɓata ba."

Tambaya ta farko: ga ruwan javel mai ƙarfin 5%, ana son lita 1 mai ƙarfin 0,5% don wanke kayan aiki. Ta kawo ƙa'idar da ta hardace, C1 x V1 = C2 x V2, ta samu javel mililita 100. Daidai. Sai ta rubuta a ƙara ruwa mililita 1000, alhali 900 ne, domin lita ɗayan har da javel ɗin a ciki. Ta biyu ce ta tayar mini da hankali. Ruwan gishirin da ake ƙara wa majinyaci 0,9% ne, wato giram 0,9 a kowane mililita 100. Giram nawa ke cikin 500? Amsa 4,5 ce, ita kuwa ta rubuta 45. Waƙafi ɗaya ya ɓace, gishiri ya ninka sau goma.

Ban yi mata faɗa ba, don na gane hannunmu a takardar. Haka muke koyar da kaso cikin ɗari tun firamare: a hardace da Faransanci, a zuba lambobi, a ja layi ƙarƙashin amsa. Da wuya mu ce wa yaro ya tsaya ya tambayi kansa ko amsar ta shiga hankali.

Na ja ta madafa. Muka zuba ƙaramin kofin shayi ɗaya na zoɓo mai kauri a kwano, ta ƙara ruwa tana ƙirgawa. A kofi na tara na ce ta tsaya ta faɗi kofi nawa ke kwanon. Ta ce goma, sai ta yi dariya. Uwarta da ke gefe ta ce ai duk mai saida zoɓo ta san wannan. Daga nan na jiƙa gishiri wajen cokalin shayi takwas a rabin lita na ce ta ɗanɗana. Ta tofar. Na ce: "Amsarki ke nan. Da jaka ce, a jijiyar mutum za ta shiga." Giram 4,5 kuwa bai ma cika cokali ɗaya ba.

Muka ɗauko kwalbar javel, na nuna mata ba duka ƙarfinsu ɗaya ba. Mai digiri 12 kusan 3,6% ne, ruwa kashi 6 yake so, ba 9 ba. A karanta kwalba kafin a taɓa alƙalami.

Ƴan'uwana malamai, cikin yaran da ke gabanmu akwai wanda wata rana zai riƙe allura a kanmu. Iyaye kuma, ba sai kun yi lakwal ba: ku bar yaro ya auna, ya haɗa, ya ɗanɗana. Ni dai bana da kwano da kofin shayi na shiga aji. Ɗiyata ta koma, akwai sakiyar jarrabawa a gabanta. Jiya ta kira ni, ta ce yanzu kafin ta rubuta amsa sai ta tambayi kanta cokali nawa ne.