Garkar Inna a Cikin Bido

A babban hutun bara na koma gida Damagaram na tarar Inna ta rame. Likita ya ce ciwon sukari ne. Ya rage mata tuwo da fura, ya ce ta yawaita cin ganye. Faɗin haka ba wuya a bakin likita, amma mu a gidanmu ruwa ma sayensa muke yi wurin ƴan garuwa, tsakar gidan kuma dutse ne da siminti. Garkar da mahaifinmu yake da ita a bakin tabki an sayar da ita bayan rasuwarsa. Salati yakan yi araha a kasuwa lokacin ɗari, da zafi ko damina kuwa sai ya yi wuyar samu, wanda aka samu ɗin ma ba ka san da wane ruwa aka shayar da shi ba.

Kafin hutun, wani abokina da ke karatun aikin gona a Jami'ar Abdu Mumuni ya nuna mini bido huɗu da ya jera a bayan ɗakinsa a Yamai. An kwantar da su, an huda bayansu, salati kore shar yana tsaye a cikin ƙananan kofunan roba, saiwarsa tana lilo cikin ruwa, babu ko dunƙulen ƙasa. Shi ya ba ni tarihin abin. Wajen shekarar 1860 wasu masana biyu na Jamus, Julius von Sachs da Wilhelm Knop, suka nuna cewa tsiro zai iya girma a ruwa zalla muddin an narkar da gishirin ma'adinan da yake bukata. A 1937 William Gericke na Jami'ar Kalifoniya ya yaɗa sunan haidrofonik, wanda aka ƙera daga kalmomi biyu na Girkanci, ɗaya ruwa, ɗaya aiki. Salon da abokina yake bi, wanda ba ya bukatar lantarki ko injin tura ruwa, ana jingina shi ga Bernard Kratky na Jami'ar Hawai. A garin da ake auna ruwa da bido, wannan salon shi ya dace da mu.

Ranar da na fara huda bidona, Baffa, ƙanen mahaifinmu, ya zo gaida Inna. Ya tambaye ni abin da nake yi, na ce noma. Ya yi dariya har rawaninsa ya karkace. Ya ce: "Ɗana, ina hauyar? Ina ciyawar da za ka nome?" A lokacin na ji haushi, daga baya na gane ya fi ni gaskiya, kuma a fagen da nake taƙama da shi. Noma a bakin manomi shi ne cire haki daga gindin shuka, shi ya sa muke da noman fari da maimai. Abin da babu haki a cikinsa, babu hauya, da wace hujja za a ce masa noma? Na bar tambayar a gefe, don matsalar da ke gabana ta fi ta suna girma.

Kuskurena na farko a kan taki ne. Na ga tsadar garin da abokina yake amfani da shi, sai na sayi takin da kowa ya sani a kasuwa, mai lamba 15-15-15, na haɗa da yuriya, na zuba da ƙiyasin ido. Cikin mako guda saiwar ta ƙone, ganyen ya langwaɓe, ruwan ya fara wari. Sai da na yi wannan asara na zauna na koyi abin da ya kamata in fara da shi. Tsiro yana bukatar sinadarai 17. Uku yana samunsu daga iska da ruwa, sauran 14 ta saiwa suke shiga. Shida daga ciki yana jan su da yawa: azot, wanda makwabtanmu na Kano suke ce wa naitrojin, sai fosfor, potasiyom, kalsiyom, magneziyom da farar wuta. Sauran, irin su ƙarfe, tutiya, tagulla, manganiz da boron, ɗan kaɗan yake so, amma in babu su ba ya rayuwa. Takin gona an yi shi ne don ya cike giɓin uku na farko, bisa zaton ƙasa za ta ba da ragowar. Yuriya kuma sai ƙananan halittun cikin ƙasa sun juya ta kafin ta zama abin da saiwa ta fi iya ɗauka. A cikin bido babu ƙasar da za ta rufa maka asiri. Abin da ka zuba shi ke nan, abin da ka manta babu mai kawo shi.

Na kira abokina na amsa laifina, ya aiko mini da ƙulli uku ta mota. Na farko kalsiyom nitrat. Na biyu garin taki mai narkewa sarai, wanda ke ɗauke da fosfor da potasiyom da ƙananan sinadaran nan. Na uku gishirin Epsom, mai ba da magneziyom da farar wuta. Awon da ya ba ni a lita 20 na ruwa shi ne giram 12 na farko, giram 12 na biyu, giram 6 na uku. Ya ja kunnena kada in haɗa na farko da sauran biyun a ɗan ruwa kaɗan. Ban ji ba, na kaɗa su tare a kwano ɗaya don in rage aiki. Ruwan ya yi fari kamar tsinkakken nono, wani gari ya kwanta a ƙasa. Kalsiyom ne ya kama farar wuta da fosfor, suka zama abin da ba ya narkewa, wanda saiwa ba za ta iya sha ba. Tun daga ranar nake narkar da kowane ƙulli daban, in zuba ɗaya a cikakken bido, in motsa sosai, sannan in zuba na gaba.

Sai maganar abin da zai riƙe tsiron a cikin kofi. A littattafai ana ambaton zaren kwakwa, da ƙwallayen gasasshen yumɓu, da wani farin dutse mara nauyi da ake kira perlit. Duk ba a samunsu a kasuwarmu. Abin da ake nema daga gare su dai uku ne: su riƙe gindin tsiro, su riƙe laima, su bar iska ta ratsa, ba tare da sun ƙara wa ruwan wani abu nasu ba. Na gwada rairayin ƙorama mai laushi, ya cushe ya shaƙe saiwa, yana kuma zuba cikin bido ta hudar kofi. Na gwada ɗanyen garin katako, sai ya fara ruɓa, halittun da ke ruɓar da shi suna cinye azot ɗin da na zuba wa salati. Abin da ya karɓe ni shi ne ƙaiƙayin shinkafa da aka babbaka har ya yi baƙi bai zama toka ba, gauraye da ƙananan tsakuwa da na wanke sau uku. Ƙaiƙayin ma sai an jiƙa shi an tsiyaye, domin ragowar tokar da ke jikinsa tana juya ruwa. Ɓawon gyaɗa da aka farfasa aka jiƙa kwana biyu yana yi, sai dai shuka ɗaya yake kaiwa ya ruɓe.

Wannan juyawar ruwa ita ta fi ba ni wuyar bayani. Masana suna auna ta da ma'aunin pH, daga 0 zuwa 14, bakwai ne tsakiya. Yawancin ganyaye sun fi son ruwan ya tsaya tsakanin 5.5 da 6.5. In ya haura bakwai, ƙarfe da wasu ƙananan sinadarai suna nan a cikin ruwan amma saiwa ba ta iya ɗaukarsu. Na shafe rabin sa'a ina yi wa Inna wannan bayani da takardar gwaji a hannuna, ina cakuɗa Hausa da Faransanci, tana kallona kurum. Can sai ta ce: "Wato dai tsamiya da kanwa kake nufi. In miya ta yi tsami a sa kanwa, in kanwa ta yi yawa a nemi tsami." Abin da na kasa faɗa ke nan. Na ce mata shukar nan tana son ruwanta da ɗan tsami kaɗan, ruwan rijiya kuma sau da yawa yana karkata wajen kanwa. Muka koma tarar ruwan sama daga indararo, wanda ba shi da gishiri sosai. In takarda ta nuna an haura, mukan ɗiga lemun tsami. Tasirinsa ba ya daɗewa, bayan kwana biyu ko uku sai an sake, shi ya sa masu yin abin da yawa suke amfani da asid na fosfor.

Ƙarfin takin ma da kalmar girki muka kama shi. Akwai ɗan na'urar da ke auna yawan gishirin da ya narke ta yadda ruwan ke ɗaukar lantarki, kuma salati ya fi son ruwa mai sauƙi, tumatir mai ƙarfi ninki biyu ko fiye. Ba mu da na'urar. Abin da Inna ta riƙe shi ne, in rana ta yi zafi tsiro yana shan ruwa fiye da yadda yake cin taki, sai ragowar ta yi kauri kamar miyar da ta daɗe a wuta. Maganinta ƙarin ruwa zalla, ba ƙarin taki ba.

Daga nan muka koyi duba ganye. In tsofaffin ganyen ƙasa suka fara rawaya gaba ɗaya, azot ya yi kaɗan, domin tsiro yana kwashe shi daga tsoho ya kai wa sabo. In tsohon ganye ya yi rawaya jijiyoyinsa suna kore, magneziyom ne. In sabon toho ne ya koɗe haka, ƙarfe ne, kuma kafin a ƙara komai sai a duba ko ruwan ya koma wajen kanwa. In bakin ganyen tsakiya ya ƙone, kalsiyom bai isa can ba, abin da ke yawan faruwa da zafi in iska ba ta kaɗawa. Saiwa mai lafiya fara ce tas. In ta yi ruwan ƙasa tana yauƙi, ruɓa ta kama ta.

Da Oktoba ta kama na koma Yamai, tafiyar kusan kilomita 900, na bar wa Inna bido shida a ƙarƙashin rumfa. Mun naɗe su da tsofaffin buhuna don haske kada ya shiga ya haifar da gansakuka, mun toshe kowace kafa don sauro. Ƙullin ukun ta raɗa musu suna da kanta: fari, mai launi, da ɗan auta. Na auna mata su da murfin kwalba, na ɗaura zare a jikin kara don ta san inda ruwa zai tsaya. Bayan mako uku ƙanwata ta ga ruwan bido biyu ya ja baya, tausayi ya kama ta, ta cika su har baki. Kwana biyu salatin ya kwanta. A wannan salo, yayin da ruwa ke raguwa, saiwar sama tana zama a sarari tana shaƙar iska, ta ƙasa tana sha. In aka nutsar da ta sama, tsiron ya shaƙe ke nan. Na yi wa ƙanwata wannan bayani tun kafin in taho, amma da kalmar oksijen na yi shi, ba ta zauna mata ba. Inna ce ta gyara a waya. Ta ce: "Ai hancinsa kika toshe." Tun daga lokacin saiwar sama ta zama hanci a gidanmu, ta ƙasa ta zama baki, kuma ba a sake cika bido ba.

Ba zan ce bido shida sun warkar da Inna ba. Maganinta tana sha, likita tana gani, salati da na'ana'a ƙari ne a kan akushi. Ba zan ce abin ba shi da tsada ba, tunda ƙullin nan uku daga waje ake shigo da su, kuma ba zai taɓa maye gonar hatsi ba. Da Afrilu ta zo zafi ya haura digiri 40, ruwan ya ɗumama, ruwa mai ɗumi kuwa ba ya riƙe iska kamar mai sanyi. Salati ya yi ɗaci ya miƙe zai yi fure, dole muka koma alayyahu, wanda ya fi jure rana. Amma daga Nuwamba zuwa Maris ba ta sayi ganye a kasuwa ba, ruwan da bido ɗaya ya sha a wata guda kuma bai kai wanda ake kwarara wa fangali ɗaya na garka a ƴan kwanaki ba.

Mu ɗaliban ilimin harsuna muna yawan muhawara kan ƙirƙirar kalmomin kimiyya, ko a ara daga Faransanci, ko daga Ingilishi, ko a ƙera daga Larabci. Kafin bara ni ma ina ganin aikin na kwamiti ne da ƙamus. Yanzu na ga salatin bido biyu ya mutu saboda kalma ɗaya da na ara ban fassara ba, na kuma ga matar da ba ta taɓa shiga lakwal ba ta ɗauko tsamiya da kanwa, da hanci da baki, ta riƙe ilimin da ni na sha wuya kafin in riƙe. Ban ce mu daina aro ba, domin azot da kalsiyom ba su da wani suna a wurinmu. Shawarata ita ce, kafin mu rubuta sabuwar kalma a takarda, mu kai ma'anar madafa ko gona ko maƙera, mu yi bayani iyakar iyawarmu, mu saurari abin da za a mayar mana.

A hutun Disamba Baffa ya sake zuwa. Inna ta yanka masa salati da ƙuli-ƙuli da albasa, ya cinye tas, sannan ya je ya tsuguna gaban bido, ya ɗaga kofi ɗaya yana kallon saiwar. Na tambaye shi ko yanzu ya yarda noma ne. Ya girgiza kai ya ce: "A'a, wannan kiwo ne. Abin da ka ɗaure wuri ɗaya, kake kai masa ci da sha da awo, ai kiwonsa kake yi." Na rubuta kiwon shuka a littafina. Ya kuma ce in zan dawo in taho masa da ƙulli uku, yana da bido biyu da suka fashe a baki.