Kafin a Yanka wa Tsohon Ogan Kuɗi, a Leƙa Bayansa

Duk mai zuwa Alaba sayen tokumbo ya san kwantena ba ta zaɓe. Ka sayi firji da fanka a jimla, sai ka tarar an haɗa maka da abin da ba ka san kansa ba. Kwanan nan tsofaffin ogan na lantarki, irin wanda ake kaɗawa a coci, suna faɗowa hannun yaranmu. Maganar hukuncin cinikin kayan kiɗa zama ne daban. Yau ina magana ne kan sanin abin da ke hannunka kafin ka kira sunansa.

Wani yaro cikin masu sallah a bayana ya zuba rabin jarinsa a kan guda ɗaya, an rubuta Hammond a goshinsa. Dillali ya ce masa B-3 ne, wanda 'yan coci ke nema ruwa a jallo. Ya ce, "Baba Liman, gobe fasto zai zo, nawa zan ce?" Na ce, "Ɗana, Hammond sunan gida ne. Bari mu ga wane ɗa ne a cikin gidan."

Kamfanin na Amurka ne, ya fara sayar da ogan a 1935. B-3 ya fito wajen tsakiyar shekarun 1950, yana da jeri biyu na maɓallai, kowanne 61, ban da wasu 12 a hagu masu juyayyen launi. Na takawa da ƙafa 25 ne, yana tsaye kan ƙafafu huɗu, ba shi da sifika a jikinsa. C-3 cikinsu ɗaya, akwatin ne kawai a rufe har ƙasa. A-100 kuma da sifikarsa a ciki. Duka ukun makunni biyu gare su, Start da Run.

Muka ƙirga na yaron: 44 sama, 44 ƙasa, na ƙafa 13, makunni ɗaya. Muka juya shi, ga ɗan farantin lamba ya nuna dangin L-100 ne, wanda aka fara a 1961 don falon gida. Kaya ne mai kyau, amma kuɗinsa bai ko kusa da na B-3 ba.

Akwai kuma abin da farantin ya faɗa: wutar Amurka, mai bugawa sau 60 a sakan. Tamu 50 ce. Waɗannan tsofaffin, wasu ƙananan faya-fayan ƙarfe ne ke juyawa a ciki suna ba da sauti, kuma motar da ke juya su bugun wuta take bi. Taransifoma za ta gyara ƙarfin wuta, ba za ta gyara bugu ba. In aka kunna shi haka, muryarsa za ta sauka ƙasa, ba zai daidaita da sauran kayan kiɗa ba sai an sa masa na'urar canza bugu. Ga shi yana shan mai na musamman, kamar keken ɗinki.

Yaron ya faɗa wa fasto duk wannan. Ribar da ya ƙiyasta ba ta samu ba, amma jarinsa ya fito.

'Yan'uwa, mu baƙi ne a garin mutane, kuma sunan Bahaushe ɗaya ne a bakinsu. In ɗayanmu ya sayar da L-100 da sunan B-3, ranar da mai gyara ya buɗe baya ba za a ce wane ya cuce mu ba, cewa za a yi 'yan Zango ne. Shari'a ma ba ta yarda a ɓoye aibin kaya ba, ko mai saye Musulmi ne ko Kirista. "Haka dillali ya ce min" ba hujja ba ce alhali farantin na nan, tocila kawai yake jira.

To, a ƙirga maɓallai, a duba makunni, a karanta lamba da irin wutar, sannan a buɗe baki. Allah Ya sa albarka a kasuwanninmu, amin.